Taya Mai Haƙora, Marar Ƙara

Duk wanda ya san Abdulrahman na unguwar Gangaren Tudu ya san cewa tun da ya yi wayo ƙafarsa ba ta taɓa yin nisa da kwalta ba. A Keffi yake kwana, a Abuja yake aiki, kamar dubban irinmu da ke barin gida da asuba mu je mu maƙale a cunkoson Mararraba muna hararar juna ta taga. Dajin da ya fi sani shi ne ciyawar da ke tsakiyar titi. Amma in ka zauna da shi a majalisa bayan la'asar, sai ka rantse a ƙungurmin daji aka yanke masa cibi.

Abu guda ke cin ransa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba: surukinsa. Mahaifin matarsa Saratu, dattijon da duk unguwar Liman Abaji ke kira Maigida saboda sunan kakansa ya ci, tsohon manomi ne mai fataucin doya, mutum marar yawan magana. Bai taɓa gaya wa Abdulrahman baƙar magana ba, da ma ya gaya masa da abin ya fi sauƙi. Abin da yake yi shi ne, duk lokacin da wani aikin ƙauye ya taso a dangi, duba gona ne ko kai gaisuwar rasuwa, sai ya rarraba wa 'ya'ya da sauran surukai, in an zo kan Abdulrahman ya ce cikin taushin murya, "A bar Malam Abdu, shi na kwalta ne." Shekara da shekaru ana haka, kuma duk ranar da aka faɗa, tuwon dare ba ya wuce masa da daɗi.

Da Allah ya hore masa jif 'yar Kwatano, sai ya ga ƙarshen wannan magana ya zo. Matsalar ita ce jif ɗin ta zo da tayoyi sumul-sumul, irin na motar kai yara makaranta. Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya miƙe, ya ce wa Saratu, "Mota ta yi, takalmanta ne ba su yi ba."

"Ai suna juyawa, Baban Khaulat," in ji Saratu.

"Ke ba za ki gane ba."

Washegari ya dira shagon Tajudeen mai sayar da taya, wani Bayarabe da ya daɗe a Keffi har Hausa ta zauna a bakinsa.

"Taya nake so mai haƙora," in ji Abdulrahman, "irin wadda ko a tsaye take a ƙofar gida, mai wucewa zai san mai ita ba ya wasa da daji."

Tajudeen ya shiga ciki ya gangaro da wata dodanniya mai tsagi zurfi-zurfi. "Wannan, Oga, ko dutse ta gani sai ta hau. Amma fa a kan kwalta tana kuka. Daga nan har Abuja wuuu, wuuu, kamar injin niƙa."

Abdulrahman ya tuna doguwar tafiyarsa ta safe da yamma, da ciwon kan da yake dawowa da shi ko ba injin niƙa. "A'a, ba na son ƙara."

"To wane irin daji Oga yake shiga? Laka ce, yashi ne, ko duwatsu?"

"Duka."

"Kullum?"

"Kusan kullum. Ban da ranakun aiki. Sai kuma ƙarshen mako, in ina hutawa."

Tajudeen ɗan kasuwa ne, bai yi dariya ba. "Na gane. Haƙora a waje, shiru a ciki. Akwai ta. Mutanen Abuja sun fi sayenta."

"Ni ba mutumin Abuja ba ne."

"Haka su ma suke cewa, Oga."

Aka ɗaura tayoyin, kuma gaskiya sun yi kyau. Manyan haƙoran duk a gefe suke, inda ido ke gani, tsakiyar da ke taka ƙasa kuwa lafiya lau. Abdulrahman ya hau kwalta ya ji shiru kamar a kan katifa yake tafiya, ya dinga murmushi shi kaɗai har ya shigo unguwa.

A bakin layinsu akwai shagon Madam Mabel mai kayan masarufi, kuma a gindin bishiyar da ke gaban shagon mazan layin ke zama, cikinsu har da mijinta Boaz direban bas. Abdulrahman ya rage gudu ya wuce su a hankali, gwiwar hannu a kan taga. Ba wanda ya ɗaga kai. Ai motar da ba a ji zuwanta ba, ba a waiwaya don ita. Ya zagaya ta bayan layi ya sake wucewa, wannan karon wata akuya da ke kwance a tsakiyar hanya ma ba ta ga dalilin tashi ba. A zagaye na gaba ne Mabel ta leƙo daga cikin shago.

"Oga, ka ɓata ne? Gidanka ga shi can."

Daga ranar ya gane cewa tunda tayoyin ba za su yi magana ba, dole wani ya yi musu. Ya ɗauki aikin da kansa. Kowace yamma yana majalisa yana ba da labarin inda suka je shi da tayoyin: yadda suka hau wani tsauni a wajen Nasarawa Eggon har mutanen wurin suka fito kallo, yadda suka ƙetare rafi a hanyar Toto ruwa na dukan madubi.

"Yaushe ke nan?" in ji Boaz. "Shekaranjiya a Nyanya na gan ka, kana sayen gyaɗa a gosulo."

"Daga can na wuce."

"Allah ya ƙara lafiya. Amma motar daji ba ta ɗaukar ko ƙura? Tawa da ba ta wuce Akwanga ta fi taka datti."

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Ranar Asabar da sassafe ya ɗebo jar ƙasa daga bayan gida, ya dama ta a robar wankin Saratu, ya ɗauki tsintsiya ya bi motar yana yayyafawa: ƙofofi, murfin inji, har saman rufi, don a san rafin ba ƙarami ba ne. Da ya zo kan tayoyin sai hannunsa ya ƙi. Jiya-jiya ya goge su da mai har suna ƙyalli, yaya zai ɓata abin da saboda shi ake wannan wahala? Ya bar su baƙi wuluk, ya fito da mota ya ajiye ta daidai gaban majalisa.

Mabel ta fito ta zagaya motar, hannu a ƙugu. Ta dubi rufin, ta dubi tayoyin.

"Oga, motar nan a rigingine take tafiya a daji?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Yana cikin bayanin cewa irin waɗannan tayoyi da kansu suke kakkaɓe laka, sai ga Saratu ta leƙo daga ƙofar gida riƙe da tsintsiya jajawur.

"Baban Khaulat, ita ma wannan Toto ta je?"

Da ya shigo gida yana faɗa, ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ni dai na ga an cika maka alkawari. Taya ta yi shiru, kai ka karɓi ƙarar."

Wani da haka ta same shi da ya saduda. Abdulrahman kuwa cewa ya yi ai dama ba don 'yan layi ya sayi taya ba. Mutum ɗaya yake so ya gani, kuma damar ta zo a tsakiyar damina. Za a ɗaura auren 'yar marigayi ƙanin Maigida a ƙauyensu Tungar Kaɗanya, can gaba da Jigwada bayan an bar kwalta. Maigida ne waliyyin amarya, in bai je ba babu ɗaurin aure. Aka taru a zaurensa ana raba aiki: waɗanda za su riga zuwa tun jajibiri su kafa rumfa, da wanda zai nemo bas ɗin mata. Abdulrahman na tsugune can bakin tabarma, kai a sunkuye kamar yadda ya dace da suruki, har aka zo kansa.

"A bar Malam Abdu," Maigida ya fara.

"Baba," in ji Abdulrahman, "in an amince, ni zan kai ka."

Dattijon ya dube shi. "Ka san hanyar?"

"Baba, ai babu lungun da ban taka ba a yankin nan."

Ya faɗi haka ne da lissafi. Tsohon zai zauna a gefensa, kuma tsofaffi ba sa iya ganin mararraba ba su nuna da hannu ba, ko da direban a nan aka haife shi. Shi dai nasa murɗa sitiyari.

"To madalla," in ji Maigida.

Wannan madalla ta hau kan Abdulrahman fiye da kima. Kafin ranar biki duk Gangaren Tudu ta ji cewa hanyar Tungar Kaɗanya makabartar motoci ce da damina. Boaz, wanda aka ɗauki bas ɗinsa don kai mata, ya sha gargaɗi har ya gaji.

"Sawun tayata za ka bi. Inda na taka, nan za ka taka. In ka kauce, babu ruwana."

"Na ji, Oga."

Ranar kuwa ya hana kowa shiga jif ɗin. Ya cika baya da huhun goro da alewa, ya kwantar wa Maigida kujerar gaba, ya rufe gilasai, ya kunna esi, ya kashe rediyo, ya mayar da wayarsa kan shiru. So yake tsohon ya ji aikin tayoyin da kunnensa. Suka kama hanya da hantsi, bas ɗin Boaz na biye cike da mata da kulolin shinkafa, Mabel a gaba kusa da mijinta, Saratu can a baya.

Kowa dai ya san yadda zama da suruki yake. Ba ka kallon fuskarsa, ba ka fara jan hira, ba ka ɗaga murya, balle a ce hannunka ya kai jikinsa. Abdulrahman ya kafa ido a kan hanya, yana jiran yabo.

"Motar nan ba ta da hayaniya," in ji Maigida bayan sun fita gari.

"Tayoyin ne, Baba."

Daɗi ya cika shi har ya ji kujerar ta yi masa kaɗan. Yana cikin wannan daɗin ne, sun wuce Jigwada, ya fara jin wata 'yar ƙara, gurrr, gurrr, tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce a ransa Tajudeen ya cuce shi. Ya kasa kunne wajen tayar gaba, ya kasa wajen ta baya. Sai da ya saci kallo ta wutsiyar ido ya ga inda ƙarar ke fitowa. Hular Maigida ta zamo har kan gira, bakinsa a ɗan buɗe, carbi ya sulale kan cinya. Minshari yake yi.

Da fari Abdulrahman bai damu ba, gyangyaɗi ne, yanzu zai farka. Da aka yi nisa bai farka ba, sai ya yi gyaran murya. Ya yi tari. Ya yi tari mai ƙarfi har maƙogwaronsa ya yi zafi. Ya yi salati a bayyane, tsohon ya motsa leɓe kamar zai amsa, ya ci gaba da abinsa. Ya ce "Baba" da muryar da shi kansa bai ji ba. Ya ɗaga hannu zai taɓa kafaɗarsa, hannun ya tsaya a iska, ya dawo kan sitiyari da kansa. Wane ne shi da zai girgiza uban matarsa?

Sai ya koma neman rami. Mutumin da ya yi shekaru yana tsine wa ramukan hanya, yau shi ne yake leƙen su kamar wanda ya yar da kuɗi. Ya samu wani madaidaici ya faɗa da gangan. Tayoyin suka shanye shi lumui, kan Maigida ya yi lilo sau ɗaya ya samu wurin da ya fi daɗi a jikin kujera. Ya danna hon saboda wata kaza da ke can nesa tana harkar gabanta. Gilasai a rufe, abin da ya shigo ciki bai kai kukan sauro ba.

Waya ta yi rawa a aljihunsa, Saratu ce. Ya yi tunanin buɗe ƙarar wayar ya bar ta ta sake kira, sai ya tuna waƙar soyayyar da ya sa wa lambarta. Gara su ɓata a daji da surukinsa ya farka da wannan waƙa. Ya ɗauka cikin raɗa.

"Baban Khaulat, Boaz ya ce lafiya kake bin ramuka?"

"Gwada taya nake."

"Ba ni Baba in tambaye shi ko ya sha maganinsa."

"Lazimi yake yi."

"To me ya sa kake raɗa?"

Ya kashe wayar. Rabon Saratu da ƙauyen tun tana goye, ba abin da za ta tsinana masa, kuma duk mazan da suka san hanya tun jiya suna can.

Kwalta ta ƙare a gindin wani babban mangwaro, hanya ta rabu biyu. Ta dama faffaɗa ce, jar ƙasa da aka daddaɓe, shimfiɗe lafiya lau. Ta hagu kuwa 'yar siririya ce mai kwazazzabai, ruwa kwance a cikinta. A gindin mangwaron wata mata na gasa masara. Tambaya ɗaya ta ishe shi, ya sauke gilashi ya ce, baiwar Allah ina hanyar Tungar Kaɗanya, shi ke nan. Ya dubi madubi. Bas ta tsaya a bayansa, Mabel ta zuro kai ta taga, matan Gangaren Tudu duk sun zuba ido su ga gwanin da ya taka kowane lungu.

Sai ya yi irin lissafin da mu masu cika baki muka iya. Ya riga ya gaya wa duniya cewa hanyar ƙauyen nan makabartar motoci ce. Hanyar dama ko mai keke zai bi ta yana fito. Ke nan ba ita ba ce. Ya murɗa sitiyari hagu. Mai masara ta miƙe tana ɗaga masa hannu da sauri-sauri, shi ma ya ɗaga mata cikin girma, ya ji daɗin yadda mutanen karkara suka san darajar baƙo.

A ba tayoyin haƙƙinsu, sun yi ƙoƙari. Suka hau kwazazzabo suka sauka, suka ratsa tsakuwa da 'yan kududdufai ba gardama, kuma duk a cikin ladabi, don Maigida ko juyi bai yi ba. Abdulrahman ya fara yarda da labaran da ya bayar a majalisa. Bas na biye tana tangaɗi, mata na salati, wasu na kiran Yesu, miya na zuba daga kula. Hanya ta dinga tsukewa har ciyawa na sharar ƙofofi, sannan ta gangara ta shige cikin wata fadamar shinkafa ta ɓace.

Boaz ya taka birki a saman gangaren ya dinga danna hon. Abdulrahman bai taɓa tuƙi a cikin laka ba, amma ya san abin da ake yi a Mararraba in an ga 'yar kafa: a taka totur kafin wani ya riga ka. Ya taka. Jif ta yi tsalle ta faɗa fadama, ta yi 'yar tafiya da ƙarfin hali, ta zauna a kan cikinta. Ya ƙara takawa. A nan ne tayoyin da aka saya don shiru suka buɗe murya, suka yi kukan da ba su taɓa yi ba, suna watsa baƙar laka sama tana dawowa kan rufi da gilasai. A karon farko motar ta samu lakar da ba ta tsintsiya ba.

Maigida ya buɗe ido ya gyara hula. "Alhamdu lillahi. Mun iso?"

Ya sauke gilashi ya duba dama, ya duba hagu. Ya juyo ya dubi Abdulrahman.

"Malam Abdu, wannan ai fadamar bayan gari ce. Shanu ke bi ta nan, su ma sai da rani."

"Yanke ne, Baba."

"Yanke ne kam. Ga masallacin can."

Can ƙetaren fadamar kuwa ga rufin kwano da rumfuna, kuma iska na kawo muryar lasifika tana cewa jama'a su ƙara haƙuri, waliyyin amarya ake jira. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Komawa baya ba ta taso ba, don bas ta toshe 'yar hanyar, babu wurin juyawa, kuma kafin Boaz ya kai ta gindin mangwaro da baya-baya an yi la'asar an watse.

"Oga," Boaz ya kira daga tudu, "mu biyo sawun?"

"Ka bar shi mana," in ji Mabel, "tayar tana kakkaɓe laka ne."

Saratu kuwa mayafi ta ja ta rufe fuska, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Maigida ya buɗe ƙofa ya dubi ruwan, ya dubi farar babbar rigarsa, ya dafa gwiwarsa mai ciwo. "Da a da ne, da tuni na ƙetare. Gwiwar nan ba za ta kai ni ba." Sannan ya ƙara a hankali, "Marainiya ce. Ba na so a ce ranar aurenta ma ba ta da mai tsaya mata."

Kunya ta kama Abdulrahman irin wadda bai taɓa ji ba, kuma wannan karon ba ta surukuta ba ce. Ya fito ya nutse har gwiwa, ya zagayo ta ɗaya ƙofar, ya juya baya ya durƙusa. Mutumin da ya kasa taɓa kafaɗar surukinsa da yatsa ɗaya, ga shi yana miƙa masa gadon baya.

"Baba, a yi haƙuri a hau."

Dattijon ya naɗe rigarsa a kafaɗa, ya riƙe takalmansa a hannu, ya hau.

Ashe tsohon manomi nauyi gare shi. Tun a farkon tafiya laka ta karɓe wa Abdulrahman takalmi ɗaya, can gaba ta karɓi ɗayan. Ya zame ya dafa ƙasa da hannu, ya tashi, ya sake zamewa, amma bai bar ko gefen farar rigar ya taɓa ruwa ba. Numfashinsa ya koma fito. Maigida kuwa yanzu da ya wartsake sai nuna hanya yake yi, abin da aka so ya yi tun a gindin mangwaro.

"Yi dama. Bi kan kunya. Kauce wa shinkafar mutane, Malam Abdu."

Jama'ar ɗaurin aure duk sun ba fadama baya, sun fuskanci faffaɗar hanyar da kowane baƙo ke shigowa ta ita, don an gaya musu wata jif ce mai ban tsoro za ta kawo waliyyi. Wata mata da ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ce ta fara hango su, ta saki kwano. Sahu-sahu aka dinga waiwayowa, har mai lasifika ya yi shiru a tsakiyar magana. Abdulrahman ya hauro tudu da rarrafe-rarrafe, laka tun daga gira har yatsun ƙafa, ya sauke surukinsa a bakin tabarma fari tas. Abin da idonsa ya fara sauka a kai shi ne keke napep ɗin da ya kawo kujeru, a ajiye a inuwa, ko ɗigon laka babu a jikinsa.

Liman ya taso ya riƙe hannun Maigida. "Sannu da hanya. Ina motar da aka ce za ta kawo ka?"

Maigida ya sa takalmansa a nitse, ya nuna Abdulrahman da ke durƙushe yana haki kamar zai shiɗe.

"Ga ta nan. Ta fi waccan sanin daji, sai dai tana da ƙara."

Dariyar da aka yi har matan da ke tudun ƙetare sun ji ta. Aka ɗaura aure kafin ruwa ya sauko. Goro bai iso ba sai bayan an shafa fatiha, a kan Boaz, mata na biye da shi a jere da kuloli a ka, kowacce na faɗin abin da ke ranta game da sawun taya.

Sai washegari shanun noma suka ja jif ɗin suka fitar. Abdulrahman ya kawo ta gida ta bayan layi, ya ɗauki robar Saratu da tsintsiyarta ya hau wanki. Mabel ta leƙo ta katanga.

"Oga, yanzu da ka samu ta gaske kake wankewa?"

Ya ci gaba da wankinsa. Ya daina zuwa majalisa, ya daina ajiye mota a waje. Ya san abin da ya rage: duk ranar da aka sake taruwa a zauren Maigida, ko sunansa ba za a kai ga ambata ba.

Ana nan sai Maigida ya aiko a kira shi. Ya je ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin tabarma. Akwai wasu surukan biyu a zauren, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa yau a gaban shaidu za a yi.

Dattijon ya ajiye carbinsa. "Tun da mahaifiyar su Saratu ta rasu, barci ya ƙaurace mini. Na sha na asibiti, na sha na gargajiya. In kwanta in yi ta juyi, ɗakin ya yi mini faɗi." Ya dubi Abdulrahman. "Barcin da na yi a motarka, rabona da irinsa tun tana raye."

Abdulrahman ya kasa ɗaga kai, idonsa ya cika da ƙwalla.

"In ba takura, ranar Asabar ka riƙa zuwa kana ɗaukata. Ba wani wuri za mu ba. Mu je, mu dawo."

Ɗaya daga cikin surukan ya yi caraf ya ce ai shi ma yana da mota, kuma ya fi kusa. Maigida ya ɗaga hannu.

"A bar wa Malam Abdu. Shi na kwalta ne."

Yanzu Abdulrahman ya koma majalisa, kuma labarin fadama shi ke ba da shi da bakinsa, har da kwaikwayon hakin, in ya manta wani wuri Mabel ta tuna masa. Labarin Toto da tsaunin Nasarawa Eggon kuwa ba a sake jin su ba. Ranar Asabar bayan azahar, in ka bi hanyar Akwanga, za ka ga wata jif mai tayoyi masu ban tsoro tana tafiya a hankali a gefen titi, manyan motoci na wuce ta suna hon. Gilasanta a rufe, rediyo a kashe, wani dattijo a kujerar gaba hula ta zamo masa har gira. Direban ba ya tari, ba ya gyaran murya. Duk ramin da ya hango, tun daga nesa yake kauce masa.